Ƙauyen da Ba Mu San Sunansa Ba

Da la'asar a gidanmu da ke unguwar Diguel, kakana yana shanya kilishi, yayana ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da labari. Wai Rum gari ɗaya ne, amma duk ƙasar da ya ci da yaƙi sai ta ɗauki sunansa.

Na ce, "Kaka, waɗanda aka ci fa, ina nasu sunan?"

Ya kori ƙuda. "Ja'iri, kai ina naka? Muna cewa mu Kanawa ne, alhali ubana ko ganuwar Kano bai taɓa gani ba. Daga wani ƙauye ya kamo hanyar Makka, ya yada zango a nan."

"Wane ƙauye?"

"Ban tambaye shi ba."

Yau da furfurata na koyi rubutu, sunan da zan rubuta ne babu.