Mai Surfani da Kwamfutar da Ke Suma

An yi wata mata mai ɗinkin surfani, irin na yanzu da kwamfuta ke ba keke umarni, allura ta yi ta bin zane ita kaɗai. Babban jarinta kuwa zanen surfanin mahaifiyarta ne, Allah ya ji ƙanta, guda ɗari da wani abu. Shekara biyu ta yi tana kwafo su daga tsoffin takardun da gara ta fara ci, har ta zuba su kaf a cikin kwamfutar, takardun kuma suka ƙarasa rududdugewa. To, ana nan sai kwamfutar ta tsiri suma. Ana tsakiyar wuyan riga sai fuskarta ta koma shuɗiya, allura ta tsaya cak a cikin yadi. A kashe, a kunna, ta yi aiki kamar ba ita ba, can kuma ta sake faɗuwa. Ko kwashe zanen aka zo yi, kafin a kai rabi ta sume. Mai gyara na farko ya ce zafi ne, ya sauya mata fanka, amma suma ba ta daina ba. Na biyu ya ce cuta ce ta shige ta, sai dai a wanke ta tas a sake zubi, kuma shi bai ɗauki alkawarin zane ko ɗaya zai tsira ba. Ta naɗe abarta a zani ta fito, ji take kamar an ce za a sake binne mata tsohuwar.

Na uku wani dattijo ne marar gaggawa, ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Cewa ya yi, "Hajiya, wane baƙo aka jona mata ranar da abin nan ya fara?" Ta ce babu kowa. Sai ya tashi kwamfutar da iya abin da ba ta rayuwa sai da shi, ya sallami sauran, kamar yadda ake tsayar da majinyaci a kan kunu zalla. Ai kuwa ta zauna daram, har aka yi azahar aka dawo ko gezau. Nan ya fahimtar da matar cewa duk abin da aka jona wa kwamfuta da ɗan tafintansa a ciki, masu sana'ar na ce masa direba, shi ke kai magana tsakaninsu. Da yake a can ƙuryar ɗakin kwamfutar yake zaune, in ya kai maganar da ba daidai ba, kwamfutar ta gwammace ta tsaya ɗungurungum da ta ɓata abin da aka ba ta amana. Daga nan ya shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na keke, lafiya. Na sauti, lafiya. Sai da aka zo kan wani ɗan abu da ke maƙale a gefenta, bai fi farcen babban yatsa ba, nan take shuɗin ya dawo. Tsaraba ce ƙanwar matar ta kawo mata daga tafiya, don linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja da hannu, ya yi aiki ba waya. Ta tuna da shi sarai sa'ad da aka tambaye ta. Amma wa zai kira wannan mitsitsin baƙo? Kuma wa ke ɗora wa tsarabar 'yar'uwa laifi a gaban mutane?

Dattijon ya fitar da gurɓataccen tafintan, ya sa mai kyau, ya buɗe mata zanen. Ga su nan reras, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya nuna mata girman abin da ya cire: bai kai rabin zane ɗaya ba. Ta daɗe a tsaye hannunta a haɓa, ba abin da ke fita a bakinta sai Subhanallahi. Abu bai da nauyi, bai da wari, ido bai taɓa ganinsa ba, ya durƙusar da keken da sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi, saura ƙiris kuma shirunta ya raba ta da gadon uwa. Gaskiyar masu iya magana: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.