Muciyar Yagana

Ranar bankwana, 'yan ajin ƙarshe a wata sakandare ta Dala suka raba kyaututtukan barkwanci, kowa da makomar da aka hango masa. Lubna ta samu jirgin sama na roba. Yagana, wadda ta fi kowa lissafi, aka miƙa mata muciya.

Ajimi, ɗan ajinsu, ne ya zaɓa mata. Ta tare shi a bakin get.

"Ko a wasa ba ka hango ni na wuce murhu ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Nufina... a gidana. Aurenki nake so."

"Ashe har wurin aiki an samo min." Ta dangwara masa muciyar a hannu. "Riƙe, ango. Ni jami'a na nufa. In yunwa ta taso, ka tuƙa."