Mutuwar Don Anselmo Na Jiran Sa Hannu

"Doña Perpetua, ki yi haƙuri, ba za mu iya sanarwa ba," in ji Eusebio, babban editan kamfanin yaɗa labaran mijinta.

"Mijina ne fa ya mutu! Gawarsa na falo tun jiya!"

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma dokarsa ce: duk labarin da ya shafi gidan Quiroga, sai ya sa hannu da kansa."

Cikin shekara talatin, Don Anselmo Quiroga ya saye gidajen rediyo arba'in, tashoshin talabijin shida da kusan duk jaridun ƙasar. Wata ƙaramar jaridar ƙauye ce kaɗai ta ƙi sayuwa. Can Doña Perpetua ta kai sanarwar, aka buga washegari.

Kafin rana ta take, tashoshin marigayin suka yi wa jaridar abin da suka saba yi mata. Suka ƙaryata ta baki ɗaya.

Da yamma matar ta isa coci da akwatin gawa. Limamin cocin, Fada Ignacio, ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallon fuskar, sannan ya rufe a hankali.

"Ɗiyata, ki mayar da shi gida," ya ce. "Yanzun nan na ji a labarai, yana nan lafiya ƙalau."