Iyakar da Giginya Ta Shata

"Ƙarya kake, Nagoda!" Gwadabe ya ɗaga gatari zai rushe katangar da ƙanensa yake ginawa a Tudun Wada. "Marigayi Baba ya ce inda inuwar giginyar nan ta tsaya da tsakar rana, nan ne iyakarmu. Arewa ya nuna mini!"

"Ni kudu ya nuna mini, Yaya. Baturen makarantarmu ya ce duniya dunƙulalliya ce, inuwa tana..."

"Rufe mini baki! Ƙasar Allah a shimfiɗe take!"

Uwarsu, Inna Kulu, ta fito. "Gwadabe, yaushe ya nuna maka?"

"Lokacin sanyi."

"Kai fa?"

"Da damina."

"Sakarkaru! Ni da bazara ya nuna mini, ranar da inuwar ba ta bar gindinta ba. Ya ce, 'Kulu, kin gani? Babu iyaka tsakaninsu.'"