Madigadin Dama

Malam Zailani ya sake ɗora zaren awo a kan madigadin dama, murfin ƙarfen nan da ke saman tayar gaba, sannan ya zagaya ya gwada na hagu. Na dama ya ɗara da faɗin yatsa biyu. Bambancin ba shi da yawa, amma ya sa motar ta yi kama da mutumin da ya sauke kafaɗa ɗaya.

Shekara talatin yana gyaran bodin mota a Ƙofar Gayan, bai taɓa sa hannu a irinta ba. Ja ce, ƙirar Ingila, kujera biyu, ba rufi. A bayan babbar mota aka kawo ta, tayoyin duk sun kwanta. Wadda ta kawo ta ita ce Hajiya Sailuba, tsohuwar shugabar wata makarantar 'yan mata, da ba ta jima da fita takabar mijinta Alhaji Shehu Dogo ba. Ta ce tun 1980 motar ke rufe da tamfol a gidansu na Kusfa, yau shekara goma sha ɗaya.

"Ko ka baza na hagu ya kamo ɗan'uwansa, ko ka rage na dama," in ji ta. "Ni dai in daina ganin ta a karkace."

Da maƙwabta suka zo tura ta cikin rumfa, Zailani ya shiga don ya riƙe sitiyari. Gwiwoyinsa suka tokare. An jawo kujerar gaba har ƙarshe, kuma ta yi tsatsa a nan. Ya yi tsaki, ya fito ya riƙe daga waje.

Kullum bayan la'asar Hajiya takan zo ta zauna a benci, ta ɓangaren dama, ta zuba wa motar ido. Ba ta da yawan magana. Sau ɗaya ta tambaye shi iyali.

"Sai 'ya'ya, Hajiya. Uwarsu Jummai ta rasu."

Ta ce Allah ya jiƙan ta. Ba ta tambayi abin da ya same ta ba, shi kuma ya ji daɗin haka, don ba labari ne da yake son tayarwa ba. Mota ce ta kaɗe Jummai a hanyar Tukur-Tukur, da rana tsaka, tana dawowa daga barkar haihuwa. Masu tallar da suka gani daga nesa sun ce wata 'yar ƙaramar mota ce koriya, ba ta ko tsaya ba. Har yau in ya hangi koriyar mota, sai ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Ya yanke shawarar baza na hagu. Ranar Laraba ya sa sanfefa ya fara goge jan fentin. Bai yi nisa ba, wani launi ya leƙo daga ƙasa. Kore.

Ya tsaya. Ya ce wa kansa koriyar mota ba ɗaya ba ce a Zazzau. Duk da haka ya koma ƙofa ya goge, kore. Ya goge baya, kore. Da ya zo madigadin dama, sai ya tarar da jan fenti kawai a kan tsurar ƙarfe.

Ya kwance shi, ya kifa a ƙasa. Cikinsa cike da sawun guduma, masu zurfi, a jere kusa da juna. A can lungu ga ƙaramin harafin da yake bugawa a jikin duk aikin da ya fita daga hannunsa.

Nan take ya tuna. Shi ne aikin farko da ya karɓa bayan sadakar bakwai ɗin Jummai. Wani mutum ne ya zo da shi a ɗaure bayan babur, madigadi kaɗai ba mota, an kankare fentinsa tas, an wanke. Ya ce maigidansa ne ya buge jaki. Zailani ya buga ƙarfen nan yana hawaye, ya yi ta bugu fiye da kima, har bakinsa ya bazu. Mutumin bai yi ƙorafi ba, ya ɗauka ya tafi.

Ashe da hannunsa ya share sawun matarsa.

Ranar bai iya cin abinci ba. Ya yi ta juya zancen a ransa: ya gaya wa baiwar Allah da ba ta gama kukan mijinta ba, ko ya haɗiye? Wanda ya yi ɓarnar yana kabari. Amma da ta iso bayan la'asar, ta ga madigadin a kife, ta ga koren fenti ya fito ko'ina, sai ya ga ba abin ɓoyewa.

Ya gaya mata duka. Ta saurara, hannayenta a kan cinya, ba ta yi salati ba, ba ta musa ba.

"Alhaji ya tafi da haƙƙin rai a wuyansa, Hajiya," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ina neman wanda zan kalli idonsa in tambaye shi me ya hana shi tsayawa. Yanzu kuwa ƙasa ta rufe shi."

Hajiya Sailuba ta cire tabarau, ta naɗe shi a hankali, ta ɗago ta dube shi. Tun da take zuwa, ranar ce ta fara haɗa ido da shi.

"To ka tambaya, Malam Zailani," ta ce. "Alhaji shi ya aiko maka da madigadin, shi ya sa aka sake fenti. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa koyon tuƙi ba. Motar tawa ce."