Sifiri Biyu a Gaban Lamba

Tun kafin tsohon ya gama kwance bargon da ya naɗo ta a ciki, Kuramoto ya gane bindigar. Ai shi ya sa ake zuwa shagonsa daga ko'ina a Osaka, ko da yake ba a cika yi masa godiyar da ta dace da shi ba.

Tsohuwar bindigar soja ce, an toshe bakinta da ƙarfe kamar yadda doka ta ce. Jikan wani sojan Amurka ne ya maido ta, saboda sunan da aka rubuta da tawada a jikin maɗaurinta: Nukata.

"Mahaifina ne," in ji tsohon, yana murza carbi. "Ina goye ya rasu. Malam, an ce ƙarfe ba ya ɓoye maka komai. Ta je fagen daga a hannunsa?"

Kuramoto ya gyara gashinsa da ya sha baƙin rini, ya ɗauko madubi.

Abin a fili yake. Furen tambarin sarki da ke kan ƙarfen an bi shi da ƙananan zobba an soke. Ƙasa da shi ga hatimin makaranta. Gaban lambar kuma an ƙara sifiri biyu. An sallami bindigar nan daga aikin soja tun kafin yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, aka ba 'yan sakandare suna fareti da ita. Mai sunan nan dai malamin fareti ne, iyakar abokan gabansa yara masu makara.

To, a faɗa wa dattijo mai tari haka? Mutumin da ko kallon kunamar bindigar ba ya iya yi? Duk wanda ya taɓa shigowa shagon nan jarumi yake nema a gidansu. Kuramoto ya ji haushin yadda kullum shi ake bar wa aikin tausayi.

"Baba, zauna da kyau," ya ce. "Ka ga zobban nan? Hatimin masu duba makamai ne a bakin daga. Sifiri biyu kuwa, sai wadda ta ci wuta har aka sake mata ciki."

Da ya ga abin yana tafiya, sai ya nuna layin da ya raba ƙotar gida biyu. Duk irinta haka ake ƙera su tun daga masana'anta.

"Wannan gyara ne. Harsashi ya ƙare, aka koma duka. A kan wani ta tsage."

Fuskar tsohon ta yi fari. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya daɗe a haka. Ya fita bai taɓa shayin da aka zuba masa ba.

Alfahari ne, in ji Kuramoto a ransa. Amma ranar ko taliyar da ya saba ci ba ta ciwu ba. Shi da bai taɓa yi wa hatimi ƙarya ba, sai dai mutane, kuma su ma a kan farashi kawai! Ya sha ɗaukar waya ya ajiye. Me zai ce? Baba, maido da jarumin da na ba ka?

Da lokacin kaka ya shigo, wata mata sanye da baƙi ta zo da kwalin alewa. Sumie ce, 'yar tsohon. Ya rasu, ta ce, kuma ya bar saƙo a gode wa malamin da bai ɓoye masa gaskiya ba.

Kuramoto ya karkato gare ta. "Ina fata dai ya tafi da farin ciki?"

"Daga nan gida ya wuce, ya sauke hoton kakana daga wurin da muke ƙona wa magabata turare. Ya kuma hana mu haɗa tokar gawarsa da ta kakana a kabarin gidanmu." Ta miƙa masa kwalin da hannu biyu. "Kakata har ta mutu tana rantse masa cewa mijinta fareti kawai ya koya wa yara, bai taɓa kashe kowa ba. Abin da ya zo yana fatan ji daga bakinka ke nan."