Akwai Ƙarfe a Jikinka?

Ta turo injin har bakin gadon mahaifinta, tayoyin na ƙara. Rabin rayuwarta ta ƙarar a ɗakin gwaji tana rage girman injin maganaɗisu mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, daga wanda ke cika ɗaki zuwa wanda ake turawa kamar keken jarirai. Yau ga shi a gida, ga tsoho kwance, bakinsa ya karkace tun safe.

Ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta cire masa agogo, ta kwashe makullan aljihunsa, kada maganaɗisun ya jawo su.

"Ko ɗan sanda bai kai ki caje ba," in ji shi da rabin murmushi.

Sai ta yi tambayar da ta yi wa dubban marasa lafiya. "Baba, akwai ƙarfe a jikinka?"

Ya kalli rufin ɗaki.

"Baba?"

"Ɗan ɓurɓushi ne, 'yar nan, a bayan idon hagu. Likita ya ce kada in kuskura in kusanci maganaɗisu."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na yi wa injinki na farko ƙafafu a shagona na walda."

Ta tuna bandejin da ta gani a idonsa. Ciwon ido ne, haka ya ce mata a lokacin.

Ta fara jan injin baya.

"Kar ki fitar da shi," ya ce. "Bar shi a bakin ƙofa in gan shi. Wa ya yi miki wannan waldar? Ba ta kai tawa ba."